Jar Wayar Da Na Tarar A Injin Baba

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da kuka ji na kwana tara. Wasu har saƙo suka dinga turo min, wai ko amarci ne ya ɓoye ni tun ba a ɗaura ba. Ina ma shi ne. Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Mubarika, shekarata ashirin da bakwai, gidanmu na Nyanshegu a nan Tamale, sana'ata kuma gyaran injinan lantarki. Ni ce wadda ƙannen mahaifiyata suke cewa ko a turare aka jiƙa ta sai an ji ƙaurin waya a jikinta. Samari biyu sun zo sun koma saboda wannan aiki, ɗaya ma a fuskata ya ce ba zai iya da macen da ta fi shi riƙe sufana ba. Na ukun shi ne Yazeed, mai haɗa wa mutane wutar sola, kuma Lahadin da ta wuce aka tsayar danginsa za su kawo goro gidanmu. Abin da ya faru kafin Lahadin shi zan ba ku yau, kuma wallahi zuciyata ba daɗi nake rubutun nan.

Babana, Alhaji Sidiki, yana da shagon ƙira da walda a Dabokpa. Ƙyamare suke yi da tagogi da gangunan da mata ke soya 'ya'yan kaɗanya a ciki. Abin da ya ɗaga shagon sama da na maƙwabta shi ne injin filazma da ya saya shekara uku da suka wuce, wanda ke yanka farantin ƙarfe da wutar lantarki da iska, mai kaurin yatsa ma ya ratsa shi kamar sabulu. Ran injin yana cikin wani shuɗin akwati mai girman ƙaramin firji, shi ke karɓar wutar layi ya juya ta ta koma wutar yanka. Tun da aka kawo shi ni nake duba lafiyarsa, kuma Baba ya sani sarai ba na son kowa ya kwance masa ko noti ɗaya.

To sai aiki ya kai ni Walewale, kwana biyar ina fama da famfon sola na wani ƙauye. Laraba da la'asar na dawo, babur ɗina duk taɓo saboda ruwan da aka kwana biyu ana zubawa. Na tarar da tsakar gidanmu kamar shagon tela. An baza tabarma, ga atamfofi, ga leshi ruwan zuma da mahaifiyata Mma ta zaɓar min, ƙanwata Samiha na zaune tana gwada ɗaurin kallabi a madubin wayarta. Tana ganina ta fara tsiya, wai amarya ta dawo da ƙafa kamar ta mai noman shinkafa, in yi sauri in jiƙa farcena kafin dangin miji su ɗauka bakanike aka ba su. Na ɗaga hular kwano zan jefe ta, sai na lura Mma ba ta yi dariya ba.

A bakin Mma na ji labarin. Ranar Talata da hantsi injin ya yi wata ƙara kamar an fasa taya, hayaƙi ya turnuƙe shagon, komai ya tsaya. Masa Amidu ne ke riƙe da bakin yankan a lokacin. Baba ya ce shi ya ƙona injin, tun safe yake yanka bai bar shi ya huta ba, kuma a gaban ma'aikata ya sallame shi, ya ce ya zo ranar Asabar ya kwashe kayan aikinsa.

Masa Amidu shi ne babban ma'aikacin Baba, shekara ashirin da biyu suna tare. A bayan kekensa na yi firamare. Shi ya fara ɗora min gilashin walda a fuska ina 'yar shekara tara, lokacin da kowa ke korata daga shagon. 'Ya'yansa biyar a Gumani. Kuma ku da ba ku san harkar ƙarfe a garin nan ba, kora ba ita ce babbar masifar ba. Kafin rana ta faɗi duk wani mai shago daga Dabokpa har bakin kasuwa ya ji cewa Amidu ya ƙona injin Alhaji, babu wanda zai sake miƙa masa ko injin goge ƙarfe.

Alhamis da sassafe na isa shagon. Na sa shuɗiyar rigar aikina, na cusa hijabi cikin wuyan rigar na ɗaure, na cire awarwaro da zoben azurfar da Yazeed ya ba ni na zuba a aljihun jaka. Na kashe babban makunni, na zare filogi na ajiye inda idona ke ganinsa, don na san halin mutanenmu, wani sai ya zo ya mayar da shi yana neman cajin waya. Sannan na kwance murfin akwatin. Ƙaurin da ya bugi hancina kaɗai ya gaya min aikin ba ƙarami ba ne.

Ban taɓa komai ba sai da na ɗora mita a kan manyan kafasito. Waɗannan gwangwanayen suna riƙe wuta kusan bolt ɗari shida, kuma suna iya riƙe ta bayan an kashe inji, mutum ya sa hannu yana ganin ba komai ya tafi lahira. Mita ta nuna sifiri, duk da haka na sake sauke su da rezisto don hankalina ya kwanta. Daga nan na bi hanyar wutar tun daga ƙofa, kamar yadda na saba. Fiyus biyu sun tsinke. Diyod shida masu miƙar da wutar layi na gwada su ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Da na iso kan manyan transisto guda biyu da muke kira IGBT, waɗanda su ne ke sara wutar sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ban ma buƙaci mita ba. Ɗaya ya tsage a tsakiya, baƙin toka ya fesu a gefensa. Na ɗora mita dai don cika ƙa'ida, ta yi ta kuka ta kowane ɓangare na juya. Ƙananan rezisto da ke ba su umarni a kan allon wayoyin injin su ma sun zama gawayi.

Mai gyara na gaskiya ba ya tsayawa a kan abin da ya mutu, sai ya nemo abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon da ya sa ma zai bi na da. Na tura yatsa na juya fankar cikin akwatin, ta ƙi motsi, garin ƙarfe ya cinye ta ta daskare. Ƙarfen alminiyam mai haƙora da ke shanye zafin transisto shi ma duk ya toshe. To zafi ne ya kashe su. Amma nan ne kaina ya ɗaure, don a jikin wannan alminiyam akwai wani ɗan makunni kamar maɓallin riga, aikinsa ɗaya tak, idan zafi ya wuce kima ya katse inji ya kunna fitila ruwan ɗorawa a gaba. Ko Masa Amidu zai yanka ƙarfe daga asuba zuwa magariba, injin da kansa zai tsaya ya ƙi tashi sai ya huce. Me ya hana shi tsayawa?

Na haska tocila na bi wayoyinsa biyu da ido. A bayan wani dami na wayoyi, inda ba mai gani sai wanda ya nema, na tarar da wata 'yar jar waya da ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, an haɗa bakin nan da bakin can da ita. An rufe wa makunnin baki ke nan, ko injin zai narke ba zai iya cewa komai ba.

Da a ce murɗa wayar aka yi aka naɗe da leda, da na ce aikin 'yan shago ne, haka suke yi. Wannan kuwa an matse bakinta da kyau da abin matsewa, an sa mata robar nan da ake hura wa zafi ta manne, ruwan ɗorawa. Babu mai irin wannan roba a Dabokpa. Ni na sayo fakitinta a Kumasi watan azumi, na ba Yazeed, har yana min dariya wai sauran 'yan mata turare suke ba samarinsu. Gabana ya faɗi, na ciro waya.

Na rubuta masa: “Kana ina?”

Ya amsa nan take: “Gumani, kan rufin wani gida. Amarya ta yi kewata ne?”

Na ɗauki hoton jar wayar na tura masa, ban ƙara ko kalma ba. Na ga ya buɗe. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai da aka yi kusan minti huɗu sannan saƙon ya shigo: “Kada ki gaya wa kowa tukuna. Ga ni nan.”

A bayan shago muka tsaya, ƙarƙashin dogonyaro, inda ake jibge ragowar ƙarafa. Ya zo da rigar aikinsa, gumi ya jiƙa bayanta, ko hular kwano bai cire ba sai da na ce ya cire in ga idonsa. Bai yi min musu ba. Ya ce ranar Asabar, washegarin tafiyata, ya biyo ya gaida Baba kamar yadda yake yi duk mako tun da aka sa rana. Ya tarar da shagon ba kowa, ma'aikata sun tafi jana'izar wani maƙwabci tare da Masa Amidu, Baba kaɗai ke tsaye a kan injin yana ta danna makunni, fitila ruwan ɗorawa na kunne. Ga gangunan wata ƙungiyar mata guda goma sha biyu da aka yi alkawarin bayarwa ranar Laraba. Ya tsuguna ya gaishe shi, Baba ya ce Allah ne ya kawo shi, ai ga mai lantarki a gida.

Ya ce da ya buɗe ya ga fanka ce ta mutu, ya faɗa wa Baba cikin ladabi a jira ni in dawo. Baba ya tambaye shi ko babu wata dabara da injin zai tashi na kwana biyu kawai. Baba ya sake tambaya, ya ƙara da cewa ashe surukinsa na tsaye aikinsa zai kwana. Shi ke nan ya ɗauko jakarsa. Ya ce ya roƙi Baba a bar murfin a buɗe a sa fankar tsaye tana hura ciki, an kuma yi hakan ranar. Amma Litinin da aka yi zafi wani ya mayar da fankar ofis, wani kuma ya ga murfi a ƙasa ya ɗaura shi.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da shi ba. Na ce masa da wani ɗan koyo ne ya yi wannan da na yi masa uzuri, amma shi ya san aikin makunnin nan kamar yadda ya san sunansa. Na ce da wuta ta bi ta bakin yankan fa, da yanzu zaman makokin Masa Amidu muke. Na tambaye shi me ya hana shi kirana, ga waya a aljihunsa, kullum sai mun yi hira kafin in kwanta.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Mubarika, a tsugune nake a gabansa. Saura kwana takwas a kawo goro. Ki gaya min da wane baki zan ce wa mahaifinki a'a.”

Na san gaskiyarsa. A garin nan saurayin da ke neman 'yar mutum ko ruwan zafi aka ce ya sa hannu sai ya sa, yana murmushi. Na ga yayyen ƙawayena sun yi wa surukai noma a Gumani rana na dukansu, ba wanda ya ce ya gaji. Amma na kuma san wanda aka kora saboda wannan kunyar tasa. Na ce masa ya tafi, zan neme shi. Ya tsaya yana juya hular kwano a hannu, ya ce duk abin da na yanke shi zai bi, sannan ya hau babur ɗinsa.

Da yamma na sami Mma a kicin tana tuƙa tuwon zafi, miyar ayoyo na tafasa a gefe. Na jawo kujera 'yar tsugune na gaya mata komai da ƙaramar murya don kada Samiha ta ji. Muciyar ta tsaya a hannunta. Ta ce in rufa mata asiri in rufa wa kaina, in kama bakina har Lahadi ta wuce. Ta ce idan kawunnaina suka ji hannun yaron ne ya ƙona injin surukinsa tun bai shigo gida ba, za su ce ba alheri a tare da shi, dama can ba su so ba don ba ɗan zango ba ne, wato ba Bahaushe irinmu ba. Idan kuma aka ji Baba ne ya sa shi, to na tsiraita mahaifina a gaban yaransa. Ta yi alkawarin bayan biki ita da kanta za ta lallaɓa Baba ya mayar da Masa Amidu a hankali.

Na ce, “Mma, aikin za a mayar masa. Sunansa fa?”

Ta share ido da gefen zaninta, ta ce hayaƙi ne, alhali a kan gas take girkin. Ta ce shekara shida tana ɗinka anko tana zuwa bikin 'ya'yan mutane, 'yan'uwanta na tambayarta yaushe nata, ta gaji da cewa sai Allah ya kawo. Ta ce wannan na ukun in ya tafi ba ta san inda za ta sa fuskarta ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, na tashi na bar mata kicin ɗin ban ci tuwon ba.

Tun ranar Alhamis ɗin na kira wani mai sayar da kayan inji a Kumasi, ya sa min kayan a mota, Juma'a da hantsi na karɓo su a tasha. Aikin ranar shi ya riƙe min hankali. Na hure alminiyam ɗin da iska har sai da na ga haske ta tsakanin haƙoransa. Na canza transisto duka biyun, don wanda bai fashe ba ma ya sha wuya, ba abin yarda ba ne. Na shafa musu farin man da ke kai zafi, siriri kamar ana shafa wa jariri, na ɗaure notinansu a gicciye kaɗan-kaɗan don su zauna daidai. Na sauya rezisto da suka ƙone, na sa sabbin fiyus, na ɗaura sabuwar fanka. Jar wayar kuwa na yanke ta na jefa a aljihun rigata. Don in tabbatar makunnin zafin na da rai, na ciro shi na hura masa na'urar busar da gashi ta Samiha da na sato da safe, mita na manne da shi. Can na ji ya yi ƙas, kukan mita ya yanke. Lafiyarsa ƙalau, da an bar shi ya yi aikinsa da ba a kai ga haka ba.

Bayan sallar Juma'a Baba ya shigo da abokansa biyu, yana sanye da babbar riga fara da hula zanna, suka zauna a ofis ana cin wake da shinkafa. Na leƙa na durƙusa na ce Baba akwai maganar da nake so mu yi a kan injin. Ya ɗaga min hannu yana dariya, ya ce wa abokansa kun ga injiniyata, ita ba ta san hutu ba. Ya ce in gyara kawai, duk wata magana sai bayan Lahadi. A fuskarsa na gane bai ma haɗa wayar da Yazeed ya sa da ƙonewar injin ba. A lissafinsa an yi dabara inji ya tashi, ya yi aiki kwana biyu lafiya, sai Amidu ya zo ya kashe shi.

A nan zan faɗa muku abin da nake jin kunyarsa. Da na so, da na tsaya na ce Baba maganar ba za ta jira ba. Ban tsaya ba. Da ya kore ni da hannu wani sanyi na ji a raina, na ce to ai na gwada. Na koma gida har na bari tela ya gwada min leshin, Samiha na ɗaukar hoto tana cewa in saki fuska. Yazeed ya turo saƙo: “Kin yanke?” Na rubuta masa: “Bayan Lahadi.” Ya turo min alamar hannu biyu na addu'a, na kife wayar a kan katifa.

Asabar da ƙarfe tara kowa ya hallara a shagon. Yazeed ma ya zo, Baba ne ya kira shi a kan rumfar da za a kafa gobe, yana gefe da jallabiya ruwan toka ya kasa haɗa ido da ni. Na zubar da ruwan da ya taru a tankin kwampreso mai ba injin iska, don damina iska na zuwa da laima, na duba ƙarfin iskar ya kai. Na fara ba akwatin wuta ta cikin ƙwayayen fitila, yadda idan da sauran matsala su za su haska su tare ta. Suka yi ja kaɗan suka mutu, alamar lafiya. Na haɗa shi kai tsaye. Fanka ta ɗauka, koriyar fitila ta kama. Na sauke gilashi a fuska, na yi bisimilla na danna bakin yankan a kan wani guntun faranti. Shuɗiyar wuta ta fito tsaf, tartsatsi ya zuba ƙasa, guntun ya faɗi da ƙara. Ma'aikata suka hau tafi, Baba na ta hamdala.

Ina ɗaga gilashin na hango Masa Amidu a bakin ƙofa, ya jingine kekensa. Ya zo kwasar kayansa kamar yadda aka ce masa. Rigar saƙi da muke kira fugu ce a jikinsa wadda ta koɗe, kwana huɗu kawai amma sai na ga ya rame. Ya gaida Baba daga nesa, Baba ya amsa a daƙile. Ya wuce lungunsa ya ɗauko akwatin ƙarfensa da tsohon gilashin waldarsa, sannan ya biyo ta inda nake naɗe waya. Ya yi min ina kwana da yaren garin nan, ya ce dasiba, na amsa naa. Ya dubi injin ya yi murmushi, ya yi magana ƙasa-ƙasa da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

“Ka yi ƙoƙari, 'yata. Ka yafe ni, na ba ka wahala ana shirin bikinka. Kwana huɗu ina tunani, ban ga fitila ya kama ba. Wataƙila ya kama, idona ne ya tsufa.”

Jama'a, na yi zaton zan tarar da shi yana fushi, yana cewa an zalunce shi. Da hakan na gani da wataƙila na iya daurewa har Lahadi. Ashe bawan Allah ya koma gida ya zauna yana tuhumar idonsa, har ya yarda shi ne.

Daidai lokacin Baba ya tafa hannu ya ce kowa ya matso. Fuskarsa cike da fara'a, ya dafa akwatin injin, ya ce injiniya ta yi wa yara bayanin abin da ya ƙona shi, don kowa ya ji da kunnensa ya kiyaye, kada a sake. Ya faɗa yana duban inda Masa Amidu yake tsaye da akwati a hannu. Mutum takwas suka zuba min ido. Na tuna Mma da gefen zaninta. Na dubi Yazeed, ya riga ya tsuguna kusa da ƙafar Baba kamar yadda ya saba.

Na ce fanka ce ta mutu, zafi ya taru. Baba ya gyaɗa kai, ya ce to, da an bar shi ya huta fa. Da na yi shiru a nan, shi ke nan an wuce wurin. Sai na ji hannuna ya shiga aljihu da kansa, na ciro jar wayar na ɗora a kan murfin akwatin.

“Baba, ba laifin Masa Amidu ba ne. Fitilar ba ta kama ba, kuma ba za ta taɓa kamawa ba. An ɗaure makunnin zafi da wannan wayar, injin bai da yadda zai yi ya tsaya.”

Baba ya kalli wayar. Na ga lokacin da ya gane ta, na ga fara'ar ta zube daga fuskarsa, ya dubi yaransa ɗaya bayan ɗaya, duk shi suke kallo. Wani daga baya ya tambaya a hankali, to wa ya sa ta. Baba ya gyara wuyan rigarsa, shi ma ya maimaita tambayar, da murya mai ƙarfi, kamar yau ya fara ganin wayar.

Yazeed bai tashi daga tsugunen ba. Kansa a ƙasa ya ce, “Ni ne, Alhaji. Ni na sa.”

Na jira ya ƙarasa, bai ƙarasa ba. Na juya ga Baba ina roƙonsa da ido ya faɗi sauran, kalma huɗu ce kawai, ni na sa shi. Leɓensa ya motsa. Masa Amidu ya sauke akwatinsa a ƙasa a hankali. Baba ya kalli ƙeyar Yazeed, sannan ya ɗauke kai ya ce wa Masa Amidu ya mayar da kayansa lungunsa, Litinin ya fito aiki. Ya ɗauki makullin babur ɗinsa daga kan tebur, ya yi taku biyu, ya tsaya bai waiwayo ba.

“Kai kuma ka kira mutanenka. Ka ce su riƙe goronsu, kada su zo gobe.”

Yazeed ya ce to, Alhaji. Wallahi to ya ce, har da ƙara sunkuyar da kai. Na dube shi, ya girgiza min kai kaɗan, yana roƙona in bar ta a haka. Baba ya kai bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai hau babur. A duk shagon nan mutum uku ne muka san abin da ya faru waccan Asabar da ta wuce, biyu sun zaɓi su yi shiru. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga murya a kan mahaifina ba, ko a cikin ɗaki, balle a gaban yaransa. Na cire safar hannuna na ajiye a kan injin, na bi bayansa har tsakiyar shagon.

Na ce, “Baba, ka dakata. Ban gama bayanin ba.”